Mota mai jan ciki a ƙasar rairayi

A hutun da ya wuce na koma gida Magaria, na tarar matasan majalisarmu sun samu sabon abin kallo a waya. Motocin gudu ne da aka faɗaɗa wa jiki, aka sauke su ƙasa har kamar suna jan ciki a kan gudron, tayoyinsu sun leƙo waje sun karkace. Kowa na cewa "kai, wannan ita ce mota!" Ni ma na kalla, ba zan yi ƙarya ba, sun burge ni. Amma tunda karatuna na ilimin harsuna ya koya mini in riƙa tambayar asalin abin aro, sai na ce bari in duba wannan kwalliya yadda muke duba kalmar da ta shigo Hausa daga waje.

Mu fara da ba su haƙƙinsu. Faɗin jiki ba don ado aka fara shi ba. A tseren motoci, taya mai faɗi ta fi riƙe hanya, kuma idan ta yi faɗi dole a buɗa mata jikin mota ya rufe ta. Haka aka samu motoci irin Porsche 935, wadda ta yi tashe a tseren Turai daga 1976. Saukar da mota ƙasa ma yana da dalili: in nauyi ya kusanci ƙasa, mota ba ta yawan rinjaya a kwana. Daga baya matasan Japan suka ɗauki wannan kama suka fito da ita titi. Suna kiran motar da aka sauke "shakotan", tayar da aka karkatar sosai kuma "onikyan", wato karkatar aljani. Sunan ma ya isa ya gaya maka sun san sun wuce gona da iri.

Mutum biyu ne suka fi cika wayoyin abokaina. Akwai Akira Nakai mai kamfanin RWB, wanda ke bin ƙasashe yana yanka jikin tsofaffin Porsche 911 da hannunsa yana ɗora musu sababbin kafaɗu. Akwai kuma Wataru Kato mai Liberty Walk, wanda a 2023 ya kai Ferrari F40 da aka yanka wurin baje kolin motoci na Tokyo, masu son motar suka yi ta kururuwa. Abin da nake yaba wa aikinsu shi ne ba su ɓoye ɗinki. Ƙusoshin da suka riƙe kafaɗar a fili suke, kamar yadda maɗinkin babbar riga ba ya jin kunyar a ga zarensa. Mai aikin na cewa: ga inda na yanka, ga inda na haɗa. Wannan gaskiya ce, kuma ta fi ta mai fentin da ke shafe tsatsa ya sayar maka da mota.

Sukata tana kan bidiyon, da kuma mu masu kallo. Ku lura, kyamara na zagaya mota, tana nuna janti, tana nuna fenti, amma ba ta taɓa nuna maka hanya mai nisa. Kullum wuri ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Da yawa daga waɗannan motoci suna da jakunkunan iska a ƙafafu: in an zo ɗaukar hoto a sauke su, in za a tafi a ɗaga su. Wasu ma a bayan babbar mota ake kai su wurin kallo. A Japan ɗin kanta doka ta ce kada tazarar cikin mota da ƙasa ta gaza santimita 9. To wannan duk ba ya cikin sakan talatin ɗin da muke gani. An ba mu rabin magana, mun ɗauka ita ce duka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wani ɗan baffana yana da tsohuwar Golf da yake ɗan kabu-kabu da ita tsakanin Magaria da ƙauyuka. Da bikin abokinsa ya matso, sai ya kai ta gareji ya ce a sauke ta. Ba shi da kuɗin kayan da aka ƙera don haka, sai aka yanke masa rasor da injin yanka ƙarfe, aka sa wasu faifai a bayan janti don tayoyin su leƙo. Ranar ɗaukar amarya, wallahi ya ci kasuwa, yara na bin motar da gudu. Kwana kaɗan bayan haka aka tashe shi da dare, matar maƙwabcinsa na naƙuda a wani ƙauye ta wajen Dungass, a zo a kai ta asibiti. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san yadda suke: sawun taya biyu sun zurfafa, tsakiya ta yi tudu. Cikin motar ya hau tudun nan, tukunyar man inji ta fashe, mai ya tsiyaye cikin yashi. A amalanken shanu aka ƙarasa da matar zuwa inda aka samu wata mota. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya. Shi kuwa har na baro gida motarsa na kan duwatsu a gareji.

Na tambayi wani tsohon makanike abin da ya faru, ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce in ka yanke rasor, amotisa ba ta da sauran wurin numfashi, kowane rami kai tsaye yake dukan ƙarfen mota. In ka tura taya waje, nauyi ya bar inda maƙera suka ajiye shi, sai boris ya riƙa ci da wuri. In taya ta karkace, gefen ciki kaɗai ke taɓa ƙasa, shi zai suɗe alhali na waje na nan sabo. Sai ya ce, "Ɗana, mu nan ɗaga mota muke yi, ba mu sauke ta."

Maganar nan tasa ta tsaya mini a rai, don ta tuna mini cewa mu ma muna da namu salon gyaran mota, mun daɗe da shi, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ku je tasha ranar Alhamis ku ga motocin da ke shirin cin kasuwar Maigatari, ko waɗanda ke bin hanyar Tinkim. Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, an ƙara mata ƙarfe a baya har ta ɗaga gindi sama in ba kaya. Hilux an ƙara mata lam, mai walda ya yi mata keji ya faɗaɗa bayanta don buhunan wake da riɗi. Ashe mu ma muna da faɗaɗɗen jiki! Bambancin shi ne namu an yi shi don yashi da kaya da damina.

A aji an koya mana cewa kalmar aro ba ta zama a harshe sai ta bi dokar bakin masu shi. Faransanci ya kawo mana sunan makaranta da na haraji, bakinmu ya lanƙwasa su suka koma lakkol da lanho, har wani bai san baƙi ne ba. Wanda ya dage sai ya faɗe su da hancin ƴan Faris a tsakiyar kasuwar Bande, dariya za a yi masa. Fijo ta zama tamu don makanikanmu sun lanƙwasa ta ta bi dokar hanyarmu. Golf ɗin ɗan baffana kuwa aro ne da aka haɗiye ba a tauna ba.

Kada kuma a ce na wanke namu tas. Motar da aka ɗaga, aka loda mata kaya har ya ninka tsayinta, mutane goma a samansa, ita ma tana kisa. Nauyi in ya hau sama, kwana ɗaya ta isa ta kifar da ita, kuma birkin bai san an ƙara lam ba, yana nan yadda yake. Kusan kowane gida a yankinmu ya san wani da hanya ta ci. Wancan ya yanka rasor don a gan shi, wannan ya ƙara ƙarfe don ya ci riba biyu a tafiya ɗaya, dukansu da ran fasinja suke caca. Sai dai na biyun talauci da rashin motoci ne suka tura shi, na farkon kuwa waya ce.

Ban ce a daina son kyau ba. Matashin da ke manna wa babur ɗinsa fitilu da madubai yana neman abin da Nakai ke nema: a ga abin hawansa a san nasa ne. Ƙorafina shi ne mun san sunan mai yanka Porsche a Japan, ba mu san sunan mai waldar da ya sa motar garinmu ta shekara talatin tana ratsa korama ba. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton aikinsa, balle ya tambaye shi me ya sa ya yi haka.

Shawarata ga ƴan ƙungiyarmu ita ce, a hutu mai zuwa kowa ya shiga garejin garinsu da littafi, daga Wacha har Dogo-Dogo da Malawa, ya rubuto sunayen da makanikai ke kiran kayan mota da irin gyaran da suke yi. Ni na fara, ina da kalmomi da dama, wasu daga Faransanci, wasu daga Ingilishi ta hanyar Kano, wasu kuma su suka ƙirƙiro abinsu. In mun tara, mu buga su a fitowa ta gaba. Wanda kuma hannunsa ke ƙaiƙayin yanka rasor, ya fara zuwa ya ga Golf ɗin ɗan baffana, tana nan a gareji, kallo kyauta ne.