Kalangu Gaba, Jita Baya: Mamar Kassey a Dandali

Masu cewa kayan kiɗan Turawa ba sa shan inuwa ɗaya da namu, to su nemi kallon Mamar Kassey, ƙungiyar da Yakuba Mumuni da abokansa suka kafa a Nijar a 1995. Mu mutanen Babura, da Nijar take bayan gidanmu, ai bai kamata a riga mu saninta ba.

A dandali ake gane gwanintarsu fiye da a faifai. Jitar lantarki tana nan, amma mai kalangu ne ke jan ragama, ƙwarya tana dafa masa, sarewar Yakuba kuwa, irin ta Fulani makiyaya, tana shawagi a sama. In aka sakar wa mai jita fili, yadda 'yan jaz suke yi, sai ya yi ta kewaye har kalangu ya kira shi gida.

Aibinsu ɗaya, kewayen nan yakan yi tsawo har waƙa ta huce. Bahaushe kuwa magana yake jira. Marigayi Shata ma da kalangu ya yi zamaninsa, amma bai cika barin makaɗa su rufe masa baki haka ba.