Makiyayin da ke Jikin Bango

A majami'u da dama na ƙasar Hausa, daga Maraɗi zuwa Dogon Dutsi, akwai wani hoto da akan manna a bango ko a buga bisa kalanda: mutum mai doguwar suma da riga fara ƙal, rungume da ɗan rago, bayansa ciyawa kore shar har iyakar gani. Nufin mai zanen shi ne ya nuna Almasihu a matsayin makiyayi nagari, siffar da Kiristoci suka gada daga Zabura ta 23 da babi na 10 na Linjilar Yohanna. Niyyar kyakkyawa ce, amma hoton ya rage wa nassin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatani a bakin rijiya da tsakar bazara zai ce wannan mutum bai taɓa jan guga ba.

Ba haka siffar ta faro ba. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma, tun ƙarni na 3, saurayi ne ake zanawa da gajeriyar taguwa, ya saɓo tunkiya a kafaɗa kamar mai dawowa daga daji. Hoton kalanda kuwa jikan zane-zanen Turai ne na ƙarni na 19, inda ciyawa ba ta yankewa. Jejin Yahudiya ya fi kama da arewacin Dakoro: kore na ɗan lokaci bayan ruwa, sauran shekara sai neman mashaya. Saboda haka ruwa da ciyawar da Zabura ta ambata batun rai da mutuwa ne, sandar makiyayin kuma makami ce. Littafin Sama'ila na fari ya nuna Dauda yana faɗa wa Sarki Saul yadda ya ƙwaci ɗan tunkiya daga bakin zaki.

Inda nassin ya fi taɓa mai karatun Sahel shi ne bambancin da Yohanna ya yi tsakanin mai garke da ɗan haya: na farko yakan tsaya wa kyarkeci har ya ba da ransa, na biyu ya tsere domin tumakin ba nasa ba ne. Bayan farin 1973 da na 1984, makiyaya da yawa sun sayar da sauran dabbobinsu da arha ga ƴan kasuwa da ma'aikata, suka koma kiwon dukiyar wasu. Mai karatu a Tawa ya san ɗan hayan nan da ido, wata ƙila ma ɗan uwansa ne. Zai yarda cewa ba a mutuwa a kan saniyar wani, amma zai kuma tambaya wa ya raba mutumin da nasa garken. Irin wannan tambaya ce babi na 34 na littafin Ezekiyel ya ɗauko, inda aka tuhumi shugabanni da cin amfanin garke suna barin raunana. Hoton bango ba shi da wurin ajiye ta.

Ita kanta kalmar ta zo da nata nauyi. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932, sun zaɓi "makiyayi", kuma sun yi daidai. Sai dai a kunnen manomi, makiyayi shi ne kuma wanda shanunsa suka faɗa gona kafin a kwashe hatsi. A Toda, cikin jihar Maraɗi, irin wannan rigima ta ci rayukan fiye da mutum 100 a 1991, akasari matan Fulani da ƴaƴansu. Mai wa'azin da ya kira Allah makiyayi a gaban taron manoma yana ba Ubangiji sunan maƙwabcin da ake zargi, ko ya lura ko bai lura ba. Faransanci ya riƙe wannan dangantaka, domin "pasteur" na nufin mai kiwo da shugaban ikilisiya duka biyu. Hausa ta ari "fasto" ta ba mai kwat da littafi, ta bar "makiyayi" ga mai sanda da gora.