Iskoki ko Aljannu? Gyara ga masu fassara

'Yan'uwa, a wuraren tafsiri da wa'azi, daga nan Mindif har Marwa da Garwa, ana samun masu fassara da in sun zo kan kalmar jinni sai su ce "iskoki", wai ita ce Hausar asali, "aljani" kuwa aro ce daga Larabci. Aro ce, ba musu. To, salla da zakka fa? Mu dai a ganinmu wannan fassara ba ta yi ba.

Kalmar tsohuwa ce, kuma da hikima a cikinta. Bahaushe ya ba su sunan iskar da ke kaɗawa, domin ana jin taɓinta amma ba a ganinta. Ba shi kaɗai ba: Fulanin da muke zaune tare da su suna cewa henndu da wannan ma'ana biyu, a Larabci ma rihu da ruhu tushensu guda.

Sai dai kalma da kayanta take zuwa. Iskoki a bakin Maguzawa da 'yan bori suna da sunaye, Sarkin Rafi, Kure, Ɗan Galadima, Inna, suna da garinsu Jangare, kowanne da dabbar da ake yanka masa da kiɗan da ake kiransa da shi. Har da wani Malam Alhaji a cikinsu, kai ka ce rawani zai musuluntar da bori! Greenberg ya tattara wannan a littafinsa na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano. Aljanin da Alƙur'ani ya ambata kuwa halitta ne daga wuta, an ɗora masa bauta kamar mu, akwai mumini akwai kafiri. Ƙissar rasuwar Annabi Sulaimanu (AS) a Suratu Saba'i ta nuna ba su san gaibu ba, Suratul Jinni kuma ta aibata masu neman tsari da su. Ina maganar yanka a nan? Shaihu Abubakar Gumi "aljannu" ya ce a tarjamarsa. Wanda ya dage sai Hausa tsantsa, ga "mutanen ɓoye", ta fi kusa, tunda tushen jinni a Larabci ɓoyuwa ne, daga nan aka samu janinu, ɗan da ke cikin ciki.

Abin bai tsaya kan lugga ba. Cutar da ke shanye ƙafar yaro har yau "shan Inna" ake ce mata, alhali ƙwayar cuta ce, rigakafinta ɗigo ne a baki. Haka farfaɗiya, haka sanƙarau lokacin bazara: da yaro ya sandare sai a ce iska ce ta buge shi. In uwa ta ji malam da bakinsa ya sa iskoki cikin Littafin Allah, me zai hana ta kai ɗanta gidan mai bori da baƙar akuya? A yi ruƙiya da ayoyi, shari'a ta yarda, amma yaron da wuyansa ya ƙage da zazzaɓi, a ranar nan ake kai shi asibiti, nan Mindif ko Marwa.