Zaki a Hoto, Saniya a Ƙasa

Masu tallata yawon buɗe ido suna cewa baƙo ya biya kuɗi, ya shiga motar masana, su bi sawun zaki, kuɗinsa kuma su tafi wajen kare namun daji. Zancen yana da daɗin ji, amma a auna shi da gandun dajin Dindir da ke kudancin Gadarif.

Tun 1935 aka keɓe Dindir. A 2016 tawagar Hans Bauer na Jami'ar Oxford ta tabbatar da zakuna a Alatash, maƙwabcinsa ta ɓangaren Habasha, ta kiyasta 100 zuwa 200 a dazuzzukan biyu. Wannan aiki ya cancanci yabo, domin abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ranar da ya ƙare.

Gurguncewar tallar ita ce babu makiyayi a cikinta. Manyan gonakin tarakta da suka bazu a Gadarif tun shekarun 1940 sun cinye burtali da makiyaya, suka tura garken shanu bakin gandun. Nan saniya ke haɗuwa da zaki. Idan ya kashe ta, baƙo ya samu hoto, mai ita ya kwana da asara. Wa zai biya shi?

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kori baƙi, mutanen ƙauyukan bakin kogin Rahad kuwa suna nan. Ranar da safari zai dawo, a fara ware musu kasonsu, a ɗauki 'ya'yansu aikin bin sawu. Wanda ke kwana kusa da zaki shi ke da ikon barinsa da rai.