Kalmar *Circumfluous* a Waƙar Milton: Ado ko Larura?

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata baƙuwar kalma ta Ingilishi, wato *circumfluous*, da auna hukuncin da aka yanke wa mawaƙin da ya fi shahara da ita. Asalinta Latin ne: *circum*, kewaye, da *fluere*, gudana. Ma'anarta ita ce abin da ke gudana yana kewaye wani abu, kamar yadda ruwa ke yi wa tsibiri zobe. A Latin fuska biyu gare ta, domin mawaƙi Ovid ya siffanta ruwan da ya kewaye ƙasa da ita, ya kuma siffanta tsibirin da kogin Tiber ya kewaye.

John Milton ya yi amfani da ita a littafi na bakwai na *Paradise Lost*, wadda ta fito a 1667, inda mala'ika Rafa'ilu yake ba Adamu labarin halitta. Ya nuna an kafa duniya a kan ruwa natsattse wanda ya kewaye ta, ya raba ta da hargitsin da ke waje.

Manazarta sun daɗe suna zargin Milton da cusa Latin cikin Ingilishi. Samuel Johnson, wanda ya shigar da kalmar cikin ƙamusunsa na 1755, ya soki salon, haka kuma F. R. Leavis a 1936. Zargin yana da tushe a wurare da dama, amma a nan bai zauna ba. Kalmar ta haɗa motsi da iyaka a wuri guda: ruwan yana tafiya, amma tafiyar tasa ita ce katanga. Ta kuma ɗauko tsohon tunanin Girkawa na Okeanos, kogin da ya zagaye duniya, wanda masanan Larabawa suka yi wa kwatankwacinsa suna Baharul Muhiɗ. Da mawaƙin ya zaɓi kalma mai nufin kewayewa kawai, da gudanar ta ɓace.

Saboda haka ƙarancin amfani da kalma bai isa hujjar kiranta ado ba. Abin da ya kamaci malami da mai fassara shi ne su cire ta daga baitin, su ga abin da ya salwanta, sannan su yanke hukunci.