Masu Gane Kamfanin da Bashi Zai Kayar

Akwai wasu mutane a bankuna da kamfanonin inshora waɗanda aikinsu shi ne zama da takardun lissafin kamfanoni, su gano wanda bashi ke shirin kayarwa tun shugabanninsa suna ta murmushi a gaban 'yan jarida. Ba kasafai ake jin sunansu ba, amma ƙwarewarsu tana burge ni ƙwarai. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, su kuwa Larabar suke karantawa.

Wanda ya fi kowa suna a fagen shi ne Edward Altman na Jami'ar New York. A 1968 ya ɗauki kamfanonin ƙere-ƙere 66 na Amurka, rabi sun karye, rabi suna tsaye, ya gwada ma'aunai 22 a kansu, ya tace biyar. Nawa ne kuɗin juyawa a hannu? Wace riba aka tara tsawon shekaru? Me kadarori ke haifarwa kafin a cire haraji da kuɗin ruwa? Wannan na ukun ya fi bai wa nauyi. Sai darajar hannun jari idan an auna ta da bashi, sai yawan ciniki. Ya haɗa su suka ba da lamba ɗaya, Z-score. Ƙasa da 1.81, kamfani na cikin haɗari; sama da 2.99, da sauran lafiya. A Disamba 2008 Altman ya shaida wa majalisar wakilan Amurka cewa General Motors na bakin karyewa. A Yuni 2009 kamfanin ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi.

To amma lamba kowa na iya lissafa ta. Gwanintar tana wajen lura da hali. Dubi Carillion, katafaren kamfanin gine-gine na Birtaniya. A takarda riba yake ci, har yana raba wa masu hannun jari. Sai dai masu ido sun lura yana rubuta ribar kwangila tun kuɗin bai shigo ba, ƙananan 'yan kwangilarsa kuma sai su jira har kwana 120 kafin a biya su. Wanda ke jan ƙafa wajen biyan na ƙasa da shi, da kuɗinsu yake toshe ɓaraka. Waɗanda suka gane haka sun janye jiki tun kafin Yuli 2017, lokacin da kamfanin ya amsa cewa fam miliyan 845 na kwangilolinsa sun bi ruwa. Da ya rushe a Janairu 2018, fam miliyan 29 kacal aka tarar a asusunsa, ana binsa kusan fam biliyan 7. Dubban ƙananan kamfanoni suka kwana ciki.

A lokacin da tattalin arziki ke tangal-tangal, tambayar gwani takan sauya: yaushe wa'adin bashin zai cika, kuma a kan wane ruwa za a sabunta shi? Daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari. Kamfanin da ya ci bashi mai araha a 2021, ko cinikinsa bai ragu da sisi ba, ranar sabuntawa na iya tsayar da shi. Shi ya sa gwani yakan fara buɗe shafin da aka jera wa'adin basussuka kafin ya leƙa na riba.