Fodkas na Hausa: Ina Muryar Sabo?

Tun 1957 da BBC ta fara Hausa, rediyo bai rabu da kunnen mutanenmu ba. Yanzu kuma fodkas ya shigo waya. A gaskiya mun yaba da "Najeriya a Yau" da "Daga Laraba" na jaridar Aminiya: gajeru ne, Hausarsu tas, mai shago zai saurara yana ciniki, in ya rasa wani wuri ya mayar baya.

Sai dai fa akwai gyara. Mafi yawan masu shirye-shiryen Hausa suna magana kamar Bahaushe ya ƙare a Kano da Kaduna. Mu na kurmi ba a cika tunawa da mu ba sai an yi rikici, kamar na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021.

Alhali an kafa Sabo tun 1916. Fataucin goro da shanu, da yadda Tijjaniyya ta haɗa kan unguwa, har Bature Abner Cohen ya yi musu littafi a 1969. Dattawan da suka san labarin nan suna ta tafiya. Samarinmu, wayar tana hannunku. Ku je zaure ku naɗi muryarsu tun suna raye.